Wai kowa a Sifaniya barci yake yi da rana?

An daɗe ana yaɗa cewa da azahar ta yi, kowa a Sifaniya sai ya bi lafiyar gado, wai al'adar siesta, wato ƙailula. Abin ba haka yake ba. Ma'aikacin ofis a Madrid da gidansa ke bayan gari, ina ya ga ta kwanciya? Galibi sai ranakun hutu.

Abin da ke ruɗar baƙi shi ne ganin ƙananan shaguna a rufe daga ƙarfe 2 zuwa 5. Lokacin abincin rana ne, babban abincin yini a wurinsu. In an cinye kuma ba a tashi, sai a dasa hira a teburi, abin da suke kira sobremesa. Baƙon da ya ci ya zabura, to, ya yi abin kunya.

Asalin ƙailular ta manoma ce masu gudun zafin rana. Jinkirin cin abinci kuwa, agogo na da hannu: a 1940 gwamnatin Franco, shugaban ƙasar na lokacin, ta tura shi gaba da awa ɗaya, kuma har yau ba a mayar ba.