Madubin saiti na bindiga (sikop) da yadda ake gane mai kyau

Madubin saiti, wanda masu harka da shi suke cewa sikop, wani ɗan bututu ne mai gilasai a ciki da ake ɗaurawa a saman doguwar bindiga, aikinsa ya jawo abu na nesa ya kawo shi kusa da ido sannan ya nuna ma mai harbi inda harsashi zai sauka ta hanyar wani zanen gicciye siriri da ke ciki. Masu gasar harbin allo daga nesa da mafarautan ƙasashen waje su suka fi amfani da shi. A nan Kano mafarautanmu da 'yan bindigar hawan sallah bindigar gida suka sani, ita kuwa ba ta da wajen ɗaura wannan abu, kuma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana mallakar bindiga sai da lasisi, dan haka yawancinmu a hoto ko a intanet muke ganinsa. Amma ilimin gilashin da ke ciki ɗaya ne da na madubin hangen nesa da na kyamara.

Asali

An fara haɗa irin wannan madubi sosai a Amurka wajen tsakiyar ƙarni na 19, wani William Malcolm ya fara ƙera nasa a 1855, dogaye ne kusan tsawon bakin bindigar gaba ɗaya. Babban canji ya zo a 1935 lokacin da Alexander Smakula a kamfanin Zeiss na Jamus ya gano shafa wani siririn sinadari a fuskar gilashi dan haske ya ratsa maimakon ya koma baya. Yau sunayen da ake girmamawa sun haɗa da Zeiss da Schmidt & Bender na Jamus, Swarovski na Ostiriya, sai Leupold da Nightforce na Amurka, kuma manyan samfuransu daga dala 2000 ne zuwa sama.

Lambobin da ke jikinsa

In ka ga an rubuta 5-25x56, ma'ana yana ƙara girman abu daga sau 5 har sau 25, shi kuma 56 faɗin gilashin gaba ne a milimita. Toh a nan ne mutane suke ruɗewa, kowa idonsa na kan babbar lambar ƙarin girma, wai sau 25 ya fi sau 15, kamar yadda ake sayen waya saboda yawan megafiksel. Gaskiya ba haka bane. Ka raba 56 da 25 za ka samu milimita 2 da ɗan wani abu, wannan shine faɗin hasken da zai shigo idonka, alhali a sau 8 milimita 7 ne cif, kusan iyakar buɗewar ƙwayar idon matashi a duhu. Kaga da ka murɗa shi ƙarshe hoton yana dushewa, filin da kake gani ya tsuke, ko bugun zuciyarka sai ka ga yana girgiza hoton.

Sannan ga kawalwalniya. Duk wanda ya taɓa hawa Dala da tsakar rana a watan Afrilu ya leƙa cikin gari da madubin hangen nesa ya san abin da nake nufi, rufin kwano da hasumiyoyin masallatai sai su riƙa rawa kamar a cikin ruwa, saboda iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa tana lanƙwasa haske. Madubi ba ya cire wannan, ƙara ta yake yi tare da abin da kake kallo. Haka hazon hunturu, gilashin miliyan nawa ne ba zai huda ƙura ba. Shi yasa ƙwararrun masu gasa da yawa suke rage ƙarfin zuwa tsaka-tsaki in rana ta take, kuma ni a ganina gilashi mai tsabta a sau 15 ya fi mai hazo-hazo a sau 30 nesa ba kusa ba.

Abin murɗawa

Wannan shine zuciyar abin, kuma nan kuɗin suke tafiya. Harsashi ba ya tafiya a miƙe, faɗuwa yake yi a hankali, iska ma tana tura shi gefe, dan haka akwai abin murɗawa biyu, na sama yana ɗaga saiti ko ya sauke, na gefe yana kai shi dama ko hagu, kowace murɗa tana yin ƙara ƙas. Ma'auni biyu ake amfani da su. Akwai mil (ma'aunin kusurwa ne, ba mil na tafiya ba), wanda ɗaya yake daidai da santimita 10 a nisan mita 100, kowace ƙas kuma yawanci santimita 1 ce. Akwai MOA, kashi ɗaya cikin 60 na digirin kusurwa, kusan santimita 2.9 a mita 100. Wanda ya saba da mita, mil zai fi masa sauƙin lissafi, abin da dai ba a so shine alamomin awo da ke jikin zanen ciki su zama mil abin murɗawa kuma MOA. Madubi mai kyau in ka murɗa ƙas 50 sama ka dawo 50 ƙasa, daidai inda ya taso zai koma, yau da gobe da shekara mai zuwa, na arha kuwa a nan yake cin amana, a ido ba za ka gane ba, sai a jikin allo.

Kaurin bututun yana zuwa inci 1, milimita 30 ko 34. Mai kauri ba ƙarin haske yake bayarwa ba kamar yadda ake yawan faɗa, ƙarin filin murɗawa ne a ciki.

Zanen ciki da sauran abubuwa

A wasu madubin zanen yana girma tare da hoton in ka ƙara ƙarfi, saboda haka alamominsa suna nan daidai a kowane mataki, masu harbin nesa wannan suka fi so. A wasu kuma zanen baya canzawa, alamomin a mataki ɗaya kawai suke gaskiya. Akwai kuma abin murɗawa na uku a gefen hagu, shi yake hana gicciyen yawo a kan allo in ka ɗan motsa kai.

Tazarar ido da gilashin baya ya kamata ta kai santimita 8 zuwa 10, in ta gaza haka bindiga tana ja da baya bakin madubin zai sari gira. Masu inganci ana cika cikinsu da iskar naitirojin ko agon a toshe da roba dan kada raɓa ta taru a ciki da damina. Ƙura kuwa, dan Allah kada a goge gilashi da bakin riga, yashin hunturu yana karce wannan siririn sinadarin da aka biya kuɗi dominsa, a fara hure ƙurar tukuna, sannan a bi da ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau.