Me ake nufi da gastiraitis mai daɗewa a jikin kyanwa?

Idan likitan dabbobi ya ce kyanwarka na fama da kumburin ciki, kada ka tsaya kallon cikinta ko ya yi tulu. A wajenmu kumburin ciki shi ne abin da ke kama mutum bayan ya cika ciki da wake. Likita kuwa wani abu daban yake nufi, wato gastiraitis. Gastiraitis shi ne fatar da ta lulluɓe tumbi daga ciki ta yi ja, ta ɗan kumbura, tana zafi. Ido ba ya ganinsa daga waje, sau da yawa ma kyanwar ramewa take yi.

Ana ce masa mai daɗewa idan amai ya wuce sati 2 zuwa 3 yana tafiya yana dawowa. Nan ake yawan yin sake, don an saba cewa ai kyanwa da amai sun saba. Gaskiya ne tana lasar jikinta, ta haɗiye gashi, wani lokaci ta harar da shi a dunƙule. Amma wadda ke amayar da kumfa ko ruwa mai launin ɗorawa kowane sati, ga rama, ga gashi ya daina sheƙi, wannan ba halinta ba ne, ciwo ne.

Dalilan suna da yawa. Akwai abincin da jikinta bai karɓa ba, ko da ta shekara tana cinsa. Akwai tsutsar tumbi irin Physaloptera, da take samu ta cin kyankyaso, gyare ko ƙadangare, abin da kyanwar da ke yawo a tsakar gida ba ta rabuwa da shi. Tsutsar nan da wuya a gan ta a gwajin kashi, shi ya sa likitoci kan ba da maganin tsutsa ko gwajin bai nuna komai ba. Ana kuma samun ƙwayar cuta mai suna Helicobacter a tumbin kyanwa, sai dai har lafiyayyu na ɗauke da ita, don haka ganinta kaɗai bai isa a ɗora mata laifi ba. A tsohuwar kyanwa kuwa, ciwon ƙoda ko sankarar hanji na iya zuwa da irin wannan aman.

Shi ya sa ba a tabbatar da ciwon da kallo kawai. Ana gwada jini da kashi, a yi hoton ciki, amma tabbacin ƙarshe sai an zura siririn bututu mai kyamara ta baki an yanko ɗan ƙanƙanin naman tumbin an duba. Kafin a kai nan, yawanci ana sauya mata abinci zuwa nama iri ɗaya da ba ta saba ci ba, a hana ta ragowar miya (albasa da tafarnuwa guba ne gare ta) da madara, a ga ko aman zai tsaya cikin sati 2.

Kada ka ba ta maganin mutane. Ibuprofen da asfirin na cinye tumbinta, farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. In ta ƙi cin abinci kwana 2 zuwa 3, a kai ta asibitin dabbobi, domin yunwa kan tara kitse a hantar kyanwa, musamman mai ƙiba.