Taliya da ragowar nama: ga amsoshinku, don Allah a bar ni in huta

Wane nama ne ya dace?

Wanda ya rage miki. Tsire, balangu, kazar jiya, soyayyen naman layya, duk suna yi.

Me ya sa taliyata take caɓewa?

Saboda kin ɗora tukunya kin koma kan waya. Ki bari ruwa ya tafasa sosai, ki sa gishiri, sannan ki zuba. Minti 8 zuwa 10 ya ishi sufageti, 'yar murji ma ba ta kai haka ba. Ki sauke da ɗan sauran ƙarfinta, za ta ƙarasa a cikin miya.

A girkin Turawan da na gani, ragowar naman alade suka sa. Da me zan musanya?

Da na rago mai ɗan kitse. Har wannan ma sai an tambaya?

An ɗauke wuta tun daren jiya, naman yana firji. In sa shi?

To, nan sai mun bi a hankali, 'yar uwa, don ba ni nake kicin ɗinki ba. Abin da masana lafiyar abinci suke cewa shi ne, dafaffen nama yana yin kwana 3 zuwa 4 a firji mai aiki. In wuta ta tafi, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4 ne kawai, firiza kuwa in a cike take tana iya kaiwa kwana 2. Daga nan naman ya zama kamar wanda aka bari a waje, shi kuma awa 2 aka ba shi, a zafin Afrilu ma awa 1.

Amma ya danganta da irin naman. Na layya da aka soya ƙayau ya bushe cikin kitsensa, wannan iyayenmu suna ajiye shi ba firji ba komai, don babu ruwan da ƙwayoyin cuta za su hayayyafa a ciki. Naman miya, farfesu, ko tsiren da ya kwana a takarda tare da ɗanyar albasa da tumatir, waɗannan ba na lamunce miki. In ya yi yauƙi ko tsami, magana ta ƙare. Sai dai hanci ba alƙali ba ne: nama yana iya lalacewa bai yi wari ba, kuma akwai ƙwayoyin da dafinsu ba ya mutuwa ko kin sake tafasawa. In akwai ƙananan yara, mai ciki ko tsoho a gidan, kuma zuciyarki tana rawa, ki haƙura ki soya ƙwai. Na san tsadar nama, ba sai an gaya mini ba.

Yaushe naman zai shiga tukunya?

A ƙarshe, ai dafaffe ne. Soya albasa da jajjagen tattasai da attaruhu a man gyaɗa, ki zuba naman a yayyanke da ludayi ɗaya na ruwan taliyar, ki rufe ya yi zafi har ciki, sai ki juye taliya. In tsire ne, ɗanɗana kafin ki ƙara magi, yajinsa ya riga ya ɗauko gishiri.

Maigida zai gane ragowa ce?

Zai gane. Ki zuba masa da yawa.