Koyar da Yanke Shawara a Tare a Makarantun Firamare na Legas

Koyar da yanke shawara a tare hanya ce ta horar da 'yan firamare su tattauna abin da ya shafe su, su saurari juna, su tsayar da magana ɗaya, sannan su zartar da ita. Ana iya haɗa ta da darasin sanin haƙƙi da wajibin ɗan ƙasa, wanda hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta shigar cikin manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara a 2007. A Legas, hukumar LASUBEB ce ke kula da firamaren gwamnati, inda 'ya'yan Hausawan Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende ke zama benci ɗaya da 'ya'yan Yarbawa da Ibo.

Tushe

Sashe na 12 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ya ba yaro damar faɗin ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi, kuma a duba ra'ayin gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar a 1991, ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Jihar Legas ta yi tata a 2007. Ga iyaye Hausawa abin ba baƙo ba ne. Aya ta 38 ta Suratus Shura ta yabi waɗanda al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu, kuma da ma an ce shawara ɗaukar ɗaki.

A 1992 wani masani mai suna Roger Hart ya kwatanta shigar yara cikin shawara da tsani mai matakai takwas. Uku na ƙasa ba shiga ba ce: a juya yara yadda ake so, a yi ado da su, ko a ji ta bakinsu don cika sharaɗi kawai. Mafi yawan abin da ke lalata wannan darasi a nan yake.

Yadda ake gudanarwa

Matakin farko shi ne zaɓen batu, kuma shi ya fi kowanne nauyi. Dole ya zama abin da malami zai iya sakar wa yara da gaske: jadawalin shara, wanda zai riƙe alli da abin goge allo, wasan da za a yi lokacin tara, ko dokokin aji guda biyar. Kada a kawo musu lokacin tashi ko kayan makaranta, tunda ba a hannunsu suke ba. Malami ya faɗi iyaka tun farko, misali "ba maganar kuɗi, ba duka a cikin hukunci".

Sai a raba aji rukuni-rukuni, yara biyar ko shida. In sun wuce haka, biyu ne za su yi ta magana saura su zuba ido. A ajin da ya cika maƙil ba sai an ja benci ba, 'yan gaba su juyo su fuskanci na bayansu. Kowane rukuni na da mai jagora, marubuci da mai kai rahoto, kuma ana sauya su duk mako. Ana ba su abu guda, ko da murfin biro ne, wanda ke riƙe da shi kaɗai ke magana, sai ya zagaya kowa kafin wani ya maimaita. Minti goma ya isa. Daga nan a rubuta shawarwarin a allo ba tare da sunan mai su ba, a haɗe masu kama da juna har su koma uku.

Kafin ƙuri'a, a nemi yaro ya faɗi hujjar wanda yake adawa da shi, har mai hujjar ya ce "haka nake nufi". Wannan ɗan mataki ya fi ƙuri'ar kanta koyar da sauraro.

'Yan aji ɗaya zuwa uku suna jefa murfin kwalba ko tsakuwa cikin gwangwanaye uku da aka ɓoye a bayan kwali, kowanne da zanen abin da yake wakilta. 'Yan aji huɗu zuwa shida suna amfani da takarda. A kira suna daga rajista, a ƙirga a fili da murya, a gwada jimilla da yawan waɗanda suka zo. In yara 48 ne aka sami ƙuri'a 50, a soke a sake, a kuma bayyana dalili. Yadda za a raba kunnen doki, da ƙuri'a ta biyu ko da jefa kwabo, a amince da shi kafin a fara.

Inda ake samun matsala

Ɗaga hannu da ƙato-bayan-ƙato suna da sauri, amma yaro na duban abokinsa ko wanda yake tsoro kafin ya motsa. Haka kuma zaɓen monita kan rikiɗe ya zama ƙidayar ƙabila, ko cinikin alewa da biskit. Maganinsa a cakuɗa rukunoni, a fara da zaɓen abubuwa na tsawon zango guda kafin a zo zaɓen mutane.

Harshe babbar matsala ce a Legas. Yaron da bai daɗe da zuwa daga Kano ko Sakkwato ba, ga Turanci ga Yarbanci ga buroka, yakan yi gum, malami ya ɗauka ba shi da ra'ayi. A bar shi ya faɗa da Hausa, ɗan'uwansa ya fassara. Ita ma yarinyar da aka hore ta da kawaici a gaban manya takan buɗe baki ne a ƙaramin rukuni, don haka kada a fara da tsayar da ita gaban aji. Iyaye kuwa, wasu na fargabar abin zai koya wa yara tsaurin ido. Gara a yi musu bayani a taron iyaye da malamai, a jawo malaman Islamiyya tun da wuri.

Mafi muni shi ne malami ya soke abin da yara suka tsayar don bai yi masa ba. In ba cutarwa a ciki, a bar shi ya yi aiki mako biyu, ko da jadawalin sharar ya karkace. Ranar bita, waɗanda suka sha kaye su ake fara ba dama su faɗi abin da suka gani, sannan aji ya gyara ko ya ci gaba da shi.