Cika jakar ko-ta-kwana maƙil ba shi ne shiri ba

An daɗe ana ɗauka cewa jakar ko-ta-kwana sai ta cika maƙil kafin a ce an shirya. Ba haka ba ne. A bayanka za ta hau, wataƙila da yaro a hannu, kana gudun ambaliya ko gobara.

Ruwa ya fi yaudarar mutane. Lita 1 kilo 1 ce cur, don haka lita 9 na kwana 3 kilo 9 ke nan tun ba ka sa komai ba. Gara lita 2 da ƙwayoyin tsabtace ruwa. Ma'aunin da aka saba bi, kada kaya su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinka: mai kilo 60, kilo 12.

Magani, tocila da takardu a leda ba a barin su. Masu nauyi su jingina da gadon bayanka, sannan ka goya jakar ka gwada tafiya da ita tun yau.