Wai mi ake nufi da "bild" in masu haɗa wasannin kwamfuta na zance?

Ranar nan ƙanena da ke karatun informatik a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya shigo gida yana ta tsaki wai bild ya karye, tsohuwarmu har ta miƙe zaune tana tambaya mi ya karye, wa ya ji ciwo. Ba wanda ya ji ciwo, kalma ce ta masu rubuta lojisiyal, kuma tunda yanzu samarinmu na Maradi sun fara shiga harkar haɗa wasanni ana ta jin ta a majalisa wajen shayi, na ce bari in ɗan warware ta yadda na gane.

Shi dai lojisiyal farkonsa rubutu ne kawai. Mutum ya zauna ya rubuta umurni da wani yare na kwamfuta, misali C++, wanda ɗan adam zai iya karantawa amma ita kwamfutar ba ta san mi aka ce ba, ita lambobi kaɗai take ji. Sai a kawo wani lojisiyal da ake ce ma kompila, shi ne tafinta, ya bi rubutun nan fayil bayan fayil ya juya shi zuwa yaren na'ura, daga nan wani ya zo ya ɗinke guntayen su zama abu guda da za ka danna ya buɗe, irin .exe ɗin nan na Windows. To wannan aikin gaba ɗaya shi ne bild, abin da ya fito a ƙarshe ma bild ake ce masa. Waɗanda suka yi lakwal za su ce kompilasiyon, kusan duk ɗaya ne, saidai bild ya ɗan fi faɗi don ya haɗa da tattaro kayan da aka aro na wasu, da ɗaure komai cikin kunshi guda, da sa hannu na tsaro.

Injin wasa kuma ba injin niƙa ba ne fa. Lojisiyal ne babba da aka riga aka zuba ma duk wahalhalun, zana hoto a allo, sauti, yadda abu ke faɗuwa ƙasa ko ya bugi wani, jin abin da ka danna, kai naka kawai ka kawo labarin wasanka da hotunanka. Akwai Unreal tun 1998, Unity tun 2005, sai Godot da wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka buɗe ma kowa kyauta a 2014. Da Godot ɗin ƙanena ke aiki, wasan kokowa wai yake son haɗawa har da takobi.

Inda gizo ke saƙar shi ne bild guda ba ya isa. Kamar tela ne aka ba shi shadda turmi guda aka ce ya ɗinka ma mutum uku, dogo da gajere da mai tumbi, yadi ɗaya amma kowa da awonsa. Windows da macOS da Linux, wato tsarukan da ke tafiyar da ita kanta kwamfutar, kowanne da yadda yake buɗe taga a allo, da yadda yake magana da katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta mai zana abin da ake gani a allo, Microsoft na da Direct3D nasu, Apple na da Metal, ga kuma Vulkan da OpenGL da ba na kamfani ɗaya ba. Kompila ma daban daban, MSVC ko MinGW a Windows, Clang wajen Apple, GCC a Linux, kuma rubutun da wannan ya karɓa ba gardama wancan sai ya ce atafau bai yarda ba. Linux shi kaɗai ma hanya biyu gare shi ta nuna taga, tsohuwa X11 da sabuwa Wayland, Godot sai a 4.3 cikin 2024 ya fara jin Wayland kai tsaye.

Har ƙananan abubuwa masu ban haushi. Ƙanen nawa ya sa ma hotonsa suna Takobi.png da babban T, cikin rubutun kuma ya kira shi takobi.png da ƙarami, a Windows lafiya lau don ita ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, ya kwashi aikin a kile ya kai ma abokinsa mai Linux, takobi ya ɓace ɓat, ɗan kokowa na ɗaga hannu ba komai. Sun fi awa biyu suna nema.

Kuma abin ba ya tsayawa wuri guda balle ka ce ka gama ka huta. Apple a 2018 suka ce sun daina kula da OpenGL, 2019 macOS Catalina ya ƙi buɗe duk lojisiyal mai tsohon gini da ake ce ma bit 32, ƙarshen 2020 suka fito da M1, wato suka fara canza ƙwaƙwalwar na'urar baki ɗaya daga Intel zuwa ARM, ga ƙarin bild na daban dominta. Microsoft sun daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinsa ya cika a Oktoban 2025. Kowane irin wanga canji sai wani ya zauna ya gyara injin, ya gwada, ya sake gyarawa.

Injin kamar Godot fayil dubbai ne, ba mai iya miƙa su ga kompila ɗaya bayan ɗaya da hannu, shi ya sa ake da kayan aikin bild, su ne kamar shugaban magina da ya san wane bulo ke hawa kan wane. Da yawa CMake suke amfani da shi, Godot kuwa SCons, wanda aka rubuta da Python, ka buga scons platform=windows ko platform=linuxbsd ya san hanyar da zai bi. Sannan duk wanda ya turo gyara a GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun injin, akwai kwamfutoci can da za su yi bild na kowane tsari da kansu, in komai ya wuce a ga alamar kore, in ɗaya ya ƙi a ga ja. Jan nan shi ne "bild ya karye". Sau da yawa wanda ya karya ɗin ma bai sani ba, shi a tasa kwamfutar komai na tafiya daidai.

Ni a ganina masu riƙe wannan ɓangaren su ne aka fi cuta wajen yabo. Wanda ya ƙara inuwa mai kyau ko ruwa mai sheƙi a injin kowa zai ga bidiyo ya tafa masa, shi kuwa mai tsaron bild ba a tuna shi sai ranar da abu ya ƙi buɗewa. Alhali mu nan aikinsa ya fi shafa, don mafi yawan kwamfutocinmu na hannu ne, tsofaffi, waɗanda aka shigo da su ta Kano ko Kwatano, wasu katin hotonsu bai ma san Vulkan ba. Da Godot 4 ya fito a Maris 2023 da Vulkan, sun bar wata hanya ta OpenGL 3.3 don irin waɗannan na'urori, kuma wannan hanyar ba ta tsaron kanta, sai da mutane masu gwada ta kullum. Ga shi injin mega gomomi ne kawai in za ka sauke, ba kamar Unreal mai cin giga gomomi ba, wanda ya san kuɗin forfe ya san bambancin.

Shi ƙanen nawa ashe karambani ya yi, maimakon ya sauke wanda aka gama ya ce sai ya yi bild ɗin injin da kansa don ya koya, kompilansa kuma tsoho ne bai san C++17 ba, wato samfurin yaren C++ da Godot 4 ke buƙata. Ya sabunta shi ya sake sawa bayan isha'i, fankar kwamfutar na ta kuka, can tsakar dare aka ɗauke wuta batir kuma dama ya daɗe da mutuwa. Da safe na same shi zugum na ce to sai ka faro daga farko kenan, ya ce a'a yaya, SCons na tuna fayilolin da ya riga ya gama, daga inda ya tsaya zai ɗora. Kafin azahar ya kira ni in zo in gani ya buɗe.