Waiwaye: Yadda Ginin Ƙasa Ya Zubar da Mutuncinsa Tun Kafin Gardamar Otal

Da zarar an saka hoton zanen wani sabon otal a Facebook, aka ce a karkarar Kano ko Jigawa za a kafa shi, gardama ɗaya ce ke tashi. Wasu su ce gilashi da tayil ba namu ba ne, ina zanko, ina dagi? Wasu su ce baƙon da ya biya kuɗin ɗaki barci ya zo yi, ba kallon tarihi ba. Daga ƙarshe a raba gardama: a zuba ginin bulo, a kafa masa zankaye na siminti, a shafe shi da fenti ruwan ƙasa, a ce an haɗa gargajiya da zamani. Ana ta magana kamar jiya abin ya faro.

Farkon labarin kowa ya sani. Gidan Rumfa da Gidan Makama na Kano suna nan tun ƙarni na 15. Shahararren magini Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da bakan gizon da har yau masana ke zuwa kallo. Turawa suka ci Kano a 1903, su ma ɗin cikin ginin ƙasa suka fara zama, Gidan Ɗan Hausa shaida ne. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, kwano da siminti suka biyo shi, kuɗin mai na shekarun 1970 ya sa suka kai har ƙauye. A nan yawanci ake tsayawa, a ce siminti ya zo ya kori ƙasa.

Ni dai a ganina ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne mutuwar laso, wato shafen gargajiya mai hana ruwa shiga gini, kuma laso a marina ya mutu, ba a wurin gini ba.

Ginin tubali bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba, yana da riga. Ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufin soro kuwa, da kan katanga da zanko, wuraren da ruwa ya fi duka, laso ake sa musu. Haɗinsa abu uku ne: katsi, wato dagwalon da ke kwanciya a gindin rijiyar rini, a kwaso shi a shanya a ƙona a daka, gashin jima daga majema, sai ruwan dafara daga daji. Ashe magini yana dogara da marini, da majemi, da mai shiga daji, ga mai saro giginya a fasa azara. Garuruwa irin su Kura, da turkuɗinsu, wato yadin da suke rinawa, ya kai har cikin Sahara, suna rina tufa, suna kuma samar wa magina abin da ke hana soro yoyo.

Da yadin kanti ya cika kasuwa, rinin zamani na garwa ya maye gurbin ganyen baba, rijiyoyi suka bushe ɗaya bayan ɗaya a ƙauyuka. Katsi ya yi wuya. Maigida ya duba, ga siminti a kasuwar mako, sai ya ce a shafa masa shi a kan bangon ƙasa, a huta da yaɓen shekara-shekara. Nan ɓarnar ta shigo. Ƙasa tana shan danshi ta kumbura, ta bushe ta koma, siminti kuwa ba ya motsi. Sai ya tsage, ruwa ya bi tsagar ya shige, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, ciki ya zama kunu. Wata rana cikin Agusta a ji rim, shafen ya zube gaba ɗaya, ya ja rabin bango. Wanda ya gani ba zai ce siminti ne ya ci amana ba, cewa zai yi ƙasa ba ta da ƙarko.

Aka kuma rage kaurin bango. Tsohon gini gindinsa faɗi ne, yana sirancewa yana hawa. Daga baya aka koma buga bulon ƙasa siriri, ba harsashi, ba indararo mai tsawo. Irin waɗannan ne suka fi zubewa a ambaliya kamar ta 2022 a yankin Haɗeja da Ringim, kuma da hotonsu ake yi wa ginin ƙasa duka hukunci.

To wannan tsoron ne mai kuɗi ke zuwa da shi wurin mai zanen gini. "Injiniya, ni ba zan zuba dukiyata inda damina za ta cinye ba." Shi ma injiniyan kankare ya fi sani. Sai a ɗauki abin da ido ke gani a bar abin da jiki ke ji: bango mai kauri da ke riƙe sanyin dare har azahar, zaure da ke raba baƙo da cikin gida, tsakar gida mai inuwa, 'yan tagogi can sama. A sa faffaɗan gilashi yana kallon yamma, a watan Afrilu, a garin da wuta sai an ga dama, janareta ya kwana yana kuka.

Ba wai abin ya gagara ba ne. A Yaama ta jihar Tawa a Nijar, magini Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa a 1962, ya ci lambar yabon gine-gine ta Aga Khan a 1986, daidai lokacin da muke rufe namu da siminti. Yau ga injin matse bulon ƙasa, ana iya ɗaga harsashi da dutse ya wuce inda ruwa ke kwanciya, a fito da bakin rufi ya kare bango. Kuma otal, ba kamar gidan manomi ba, yana da kuɗin da zai riƙe magini a cikin ma'aikata kamar yadda yake riƙe mai gyaran wuta, ya bi bango duk bayan damina. Sai dai waɗanda suka iya ɗaurin guga, wato rufin soro mai bakan gizo, da haɗa laso tsufa ya cim musu, 'ya'yansu kuma yawanci suna gidan bulo.